HANTA DA TSIRRAN DA AKE CEWA SUNA KARE TA: INA GASKIYA, INA ƘARI?



'Yan uwa maza da mata, darasinmu na yau a kan hanta ne, da sinadaran da ke cikin ganyayyaki da saiwoyin da muke ci, waɗanda ake cewa suna kare ta. Yanzu da wuya ka ratsa tasha ko bakin kasuwa ba ka ji lasifika tana shelar "wankin hanta" ba, a waya ma tallar ba ta yankewa. Bawan Allahn da aka gwada aka ce yana ɗauke da ciwon hanta hankalinsa a tashe yake, duk wanda ya ce masa ga magani zai miƙa kuɗi, wani ma har ya ajiye maganin asibiti. To, maganar tsirran nan akwai gaskiya a cikinta, akwai ƙari, akwai kuma haɗari. Ku ba ni hankalinku mu rarrabe su ɗaya bayan ɗaya.

HANTA DA AIKINTA

Hanta tana ɓangaren dama na ciki, daga sama, haƙarƙari ya rufe ta. A jikin babba nauyinta ya kai kusan kilo ɗaya da rabi, kuma a kowane minti kusan lita ɗaya da rabi ta jini ke ratsa ta. Duk abin da ka ci ko ka sha, da zarar hanji ya tsotse shi, hanta ce zangon farko. Ita ke adana sukari ta sake shi lokacin da jiki ke buƙata, kamar da rana ga mai azumi. Ita ke haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. Ita ke yin ruwan matsarmama mai narkar da maiƙo. Ita ce kuma ke karya magunguna da guba ta mayar da su abin da zai fita ta fitsari ko bayan gida.

Wato dai hanta ita ce mai wankin jiki. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka yi tunani idan aka ce maka ga ruwan da zai "wanke" ta, domin shi ma ruwan idan ka sha, ita zai tarar, ita za ta yi fama da shi.

Allah Ya yi mata wata baiwa: ko an yanke kashi biyu cikin uku nata, ragowar na iya tofowa ta cike gurbi. Amma haƙurin nan nata shi ke yaudarar mutane. Tana iya shekara 20 tana lalacewa mai ita yana harkokinsa, babu ciwo babu zazzaɓi. Sai ranar da ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura da ruwa, ko aka fara aman jini, sannan a ruga asibiti, alhali aikin gama ya gama.

YADDA TAKE LALACEWA

Lokacin da hanta ke karya guba, akwai wasu ƙananan abubuwa masu ƙuna da ke fita, kamar tartsatsin da ke tashi a maƙera. Idan suka yi yawa sai su ƙona bangon ƙwayoyin hantar. Jiki yana da nasa abin kashe tartsatsin, babbansu wani sinadari ne da ake kira gulutatayon, wanda hantar da kanta take haɗawa.

Misali mafi kusa shi ne farasitamol. Idan ka sha daidai ƙa'ida, ɗan gubar da ke fita daga gare shi gulutatayon na kama shi, shi ke nan. Idan aka wuce iyaka, gulutatayon ya ƙare, sai gubar ta koma kan hanta. Iyakar babban mutum giram 4 ne a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. Kuma a lura, magungunan mura da yawa, da "haɗin" ciwon jiki da ake ƙulla wa mutane a leda, da farasitamol a cikinsu, mutum zai iya ninka shi bai sani ba.

Idan rauni ya yi ta maimaituwa, ko daga ƙwayar cuta, ko giya, ko kitse, ko guba a abinci, sai tabo ya riƙa maye gurbin nama mai kyau, har hantar ta ƙeƙashe ta yi tauri. Daga ƙeƙashewa kuwa ciwon daji ba ya da nisa.

ME AKE NUFI DA "BINCIKE YA TABBATAR"?

Wannan jumla masu talla suna son ta, don haka mu san abin da ke bayanta. Masu bincike kan busar da ganye, su daka, su jiƙa shi a ruwa ko wani sinadari, su tatso abin da ke ciki. Sai a kawo ɓeraye a raba su gida-gida. Wasu a ba su tatsattsen ganyen na kwanaki, wasu a hana su. Sannan a ɗura musu gubar da aka san tana ƙona hanta, kamar farasitamol mai yawa. Bayan nan a auna jininsu a duba wasu sinadarai biyu, ALT da AST, waɗanda ke zubowa cikin jini idan ƙwayoyin hanta sun fashe. Idan na ɓerayen da suka sha ganyen bai hau sosai ba, sai a rubuta cewa ganyen yana da alamar kare hanta.

Wannan aiki ne mai daraja, amma matakin farko ne. Ku lura da abu uku. Na ɗaya, ɓera ba mutum ba ne, kuma abin da ake ba shi, idan aka kwatanta da nauyin jikinsa, sau da yawa ya fi ƙarfin abin da mutum zai iya ci. Na biyu, galibi ɓeran yana shan ganyen tun kafin guba ta zo, shi kuwa marar lafiyarmu ya shekara goma da ciwon kafin ya nemi magani. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, ƙwayar ciwon hanta nau'in B ba ta kama ɓeran gida. Saboda haka kare ɓera daga ƙunar farasitamol ba hujja ba ce cewa ganyen yana kashe wannan ƙwayar a jikin ɗan Adam.

Hujja mai ƙarfi ita ce a gwada a kan mutane masu ciwon, a raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi su sha maganin, rabi su sha ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai a cikinta, ba tare da kowa ya san wanne yake sha ba. Tsirrai kaɗan ne suka kai wannan mataki.

SINADARAN DA AKA FI SANI

Silimarin. Daga 'ya'yan wata ƙaya ake samunsa, mai tsirowa a ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, Larabawa na ce mata shauku Maryam. Masana a Jamus ne suka ware shi a 1968, kuma babu sinadarin tsiro da aka yi wa binciken hanta kamarsa. Yana kashe tartsatsin da muka ambata, yana kuma tare ƙofar da wasu gubobi ke bi su shiga ƙwayar hanta. Shi ya sa a asibitocin Turai ake ɗura wani ɓangare nasa ta jijiya ga wanda ya ci wata laimar kwaɗi mai kisa. Amma a 2012 an fitar da sakamakon wani gwaji a Amurka a kan mutum 154 masu ciwon hanta nau'in C. Sun sha silimarin mai yawa sau uku a rana har mako 24, kuma a ƙarshe ALT ɗinsu bai fi na waɗanda suka sha ƙwayar da babu komai sauka ba. Kun ga sinadari ɗaya: ya yi amfani a wata guba, ya kasa a wata cuta.

Gilisirizin. Shi ne zaƙin saiwar irƙus-sus, wadda mutanen Masar ke jiƙawa su sha a watan azumi. Ya fi sukari zaƙi ninki 30 zuwa 50. A Japan an shafe shekaru da dama ana yi wa masu daɗaɗɗen ciwon hanta allurarsa, yana saukar da ALT, sai dai ba ya kawar da ƙwayar cutar. Yawan shansa kuma yana ɗaga hawan jini, yana zubar da sinadarin fotasiyam wanda bugun zuciya ya dogara da shi. A 2020 likitoci a Amurka sun ba da rahoton wani ɗan shekara 54 da zuciyarsa ta tsaya ya rasu, bayan ya ɗauki makonni yana cin alewar irƙus-sus da yawa kullum. Mai hawan jini da mai ciki su kiyaye.

Kurkumin. Shi ne launin rawaya na kurkum, wanda wasu ke kira gangamau. Kusan kashi 3 cikin 100 ne na garin. A ɗakin gwaji yana rage kumburi sosai, amma hanji ba ya tsotsarsa sai ɗan kaɗan. Za mu dawo kansa, domin a nan ne darasi mafi girma yake.

Zoɓo. Jan launin nan nasa sinadarai ne da ake kira antosayanin, kuma an ga suna rage ƙunar hanta a ɓeraye. A mutane abin da aka fi gani shi ne yana ɗan sauke hawan jini. Sai dai zoɓon da aka antaya wa sukari ya koma wani abu dabam, domin yawan sukari yana cikin manyan abubuwan da ke tara wa hanta kitse.

Zogale. Ganyensa na ɗauke da kwasetin da wasu sinadarai masu taimaka wa hanta ta ƙara nata makaman kariya. A 2002 an gwada shi a Indiya a kan ɓerayen da aka ba magungunan tarin fuka, waɗanda aka san suna wahalar da hanta, aka ga raunin ya ragu. Kwaɗon zogale, miyarsa da dambunsa abinci ne mai gina jiki, a ci a gode wa Allah. Haka shuwaka, tafarnuwa, citta, da saiwar rawaya da iyayenmu ke jiƙa wa mai shawara: duk an gwada su a dabbobi an ga alamar amfani, a matakin ɓeraye.

Gahawa. Abin mamaki, daga cikin abin da ake ci ake sha, ita ce aka fi samun hujjarta a jikin mutane. An bi dubban mutane a ƙasashe daban-daban shekara da shekaru, aka ga masu shan ta sun fi ƙarancin ƙeƙashewar hanta. A 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa dajin hanta ya fi ƙaranci a cikin mashayanta. Rage haɗari ke nan ga mai sha daidai wa daida, ba tare da tulin sukari ba. Ba a ce tana warkar da wanda ya riga ya kamu ba.

LABARIN GERON TSUNTSAYE

Akwai wani ɗan tsiro da ke fitowa da damina, muna ce masa geron tsuntsaye, a Indiya ma sun daɗe suna ba mai shawara. A 1988 wata babbar mujallar likitoci ta Ingila ta buga gwajin da aka yi da shi a kudancin Indiya: cikin mutum 37 masu ɗauke da nau'in B da suka sha, 22 alamar cutar ta ɓace daga jininsu, alhali cikin 23 da ba su sha ba mutum 1 ne kawai. Cikin masu binciken har da Baruch Blumberg, wanda ya gano ƙwayar cutar, aka ba shi kyautar Nobel a 1976. Duniya ta ɗauka an samu magani. Sai aka maimaita gwajin a Tailan da wasu ƙasashe, ba a ga wannan sakamako ba. A 2011 masana suka tattara gwaje-gwajen da aka yi suka auna, suka ce babu gamsasshiyar hujja. Idan gwajin da ke da sunan mai kyautar Nobel bai tsaya ba da aka sake dubawa, ina ga takardar da mai talla ke ɗagawa a tasha?

Wani zai ce: "Malam, ai ni na san wanda ya sha ya warke, har takardar gwaji na gani." Ba na ƙaryata shi, amma ga bayanin. Babban mutum idan ya kamu da nau'in B sabon kamu, kusan 95 cikin 100 jikinsu da kansa yake korar ƙwayar cikin wata 6, ko sun sha wani abu ko ba su sha ba. Wanda ya sha jiƙo a wannan tsakanin zai rantse jiƙon ne. Wanda kuwa ya ɗauka tun yana jariri, kusan 90 cikin 100 tana zama musu har girma, kuma mafi yawan masu ɗauke da ita a ƙasashenmu tun suna ƙanana suka ɗauka. Su ne ake karɓe wa kuɗi wata da watanni, ALT ya ɗan sauka a ce an warke, ƙwayar kuwa tana nan tana aikinta.

IDAN AKA TATSE SINADARI, HUKUNCINSA YA CANJA

Mu koma kan kurkum. Ƙaramin cokali na garinsa, wanda ake zuba wa tukunyar gida gaba ɗaya, kurkumin da ke ciki kusan miligiram 100 ne, kuma mafi yawansa wucewa yake yi. Kafso ɗaya kuwa yana iya ɗaukar miligiram 500 zalla. Sannan kamfanoni na haɗa shi da sinadarin masoro, wanda wani gwaji a Indiya a 1998 ya nuna yana ninka shigarsa jini har sau 20. Me ya biyo baya? A 2019 hukumomin Italiya sun samu sama da mutum 20 da hantarsu ta kumbura bayan shan irin waɗannan kafso. A 2022 likitoci a Amurka sun ba da rahoton mutum 10, aka kwantar da 5, ɗaya ya rasu. Abin da ake sayarwa da sunan kare hanta, shi ya kai su gadon asibiti.

Koren shayi ma haka ne. Dafa shi a sha a kofi babu laifi ga mafi yawan mutane. Amma a 2018 hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi cewa tatsattsen sinadarinsa, daga miligiram 800 a rana, yana ɗaga alamun raunin hanta, kuma shi ake zubawa a magungunan rage ƙiba da yawa. A Amurka, cikin masu raunin hanta ta dalilin magani da likitoci suka bibiya, kusan kashi 20 cikin 100 daga magungunan ganye da na ƙarin kuzari abin ya same su.

Akwai kuma tsirran da su kansu guba ne. A arewacin Indiya yara da dama sun mutu da lalacewar hanta da ƙwaƙwalwa, daga baya aka gano cewa 'ya'yan rai-ɗore suke ci ɗanye, wannan dai rai-ɗoren da ke bayan gidajenmu. Don haka "ai ganye ne, ba ya illa" magana ce da ba ta da tushe. Gishiri ma abinci ne, amma babu mai cin mudu guda.

Ƙa'idar da za ka riƙe: abin da ke cikin tukunya a gwargwadon abinci dabam, abin da aka tatse aka cusa a kafso ko aka haɗa a jarka ba a san ma'auninsa ba dabam. Na biyun magani ne, kuma duk sharaɗin magani ya hau kansa: wa zai sha, nawa, har yaushe, da me zai haɗu.

MAGANAR HABBATUS SAUDA

Na san wannan tambaya tana zuciyar da yawa daga cikinku. Falalar habbatus sauda ta tabbata a hadisi ingantacce wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, babu Musulmin da ke jayayya da wannan. Masana kimiyya ma sun ware babban sinadarinta, taimokwinon, an ga yana kare hantar dabbobi, an kuma yi wasu ƙananan gwaje-gwaje a kan masu kitsen hanta.

Amma malaman da suka yi sharhin hadisin ba su fahimce shi yadda 'yan talla ke fassara shi ba. Alhafiz Ibn Hajar ya kawo bayanin cewa amfani da ita ya danganta da irin ciwon: wani lokaci ita kaɗai, wani lokaci a haɗe da wani abu, wani a sha, wani a shafa. Imam Alkhaɗɗabi kuwa yana ganin lafazin na game-gari ne amma ana nufin wasu nau'o'in cututtuka. Ko ta wace fahimta ka bi, sanin ciwo da sanin ma'auni aikin masana ne. Hadisin bai ce a bar sauran magunguna ba, kuma bai zama shaida ga kowace jarka da aka liƙa wa sunan Musulunci ba. Wanda ya ce wa marar lafiya ya ajiye maganin likita ya sayi nasa, alhali ya san ba shi da tabbacin abin da yake faɗa, ya ji tsoron Allah, domin rai ne a hannunsa. Ɗan uwa mai sayar da magani, idan mai ciwon hanta ya zo maka, mafi alherin abin da za ka yi masa shi ne ka tura shi gwaji.

MANYAN MAƘIYAN HANTA A WAJENMU

Na farko nau'in B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi a 2022, kuma ya kashe kusan miliyan 1.1 a wannan shekarar. A Najeriya binciken ƙasa na 2018 ya samu kusan mutum 8 cikin kowane 100 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi. A sahu ɗaya na sallar Juma'a ka lissafa da kanka. Yana yaɗuwa ta jini, ta saduwa, da daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Aska ɗaya ga mutane da yawa wajen aski, kaciya, ƙaho ko yankan farce, da allurar da aka maimaita, duk hanyoyinsa ne. Ba a ɗaukarsa ta musabaha ko cin abinci a kwano ɗaya, don haka a daina ƙyamar masu shi.

Yana da rigakafi, kuma tun 2004 yana cikin alluran yara a Najeriya. Ta farko ana so a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haihu, kada a jira suna. Babba wanda gwaji ya nuna ba ya da shi, allura 3 ce cikin wata 6. Wanda ke da shi kuwa, ba kowa ne ke buƙatar magani nan take ba, likita ne zai duba yawan ƙwayar da halin hantar. Wanda aka ɗora a kan magani irin tenofobiya, ƙwaya ɗaya ce a rana, tana danne cutar tana rage haɗarin daji. Yanke ta kai tsaye na iya sa cutar ta taso da ƙarfi har hanta ta gaza. Nau'in C kuwa yanzu ana warkewa sarai, sama da 95 cikin 100, da ƙwayoyin mako 8 zuwa 12. Masar, wadda a da take cikin ƙasashen da ya fi yi wa katutu, da gwajin jama'a da waɗannan ƙwayoyi ta ci ƙarfinsa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaba mata a 2023.

Na biyu afulatoksin, gubar da wata fumfuna ke zubawa a gyaɗa da masara idan ba su bushe da kyau ba ko aka ajiye su a danshi. An gano ta bayan 1960, lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. A Kenya a 2004 gurɓatacciyar masara ta kwantar da mutum 317, 125 suka rasu. Dafuwa da suya ba sa kashe ta. Ƙanƙanuwa a kullum kuwa dajin hanta take jawowa, kuma mai nau'in B haɗarinsa na iya ninka na wanda ba ya da shi har sau 30. Abin takaici, gyaɗar da aka tsince aka ware saboda ta lalace ita ake sayarwa da araha a yi ƙuli-ƙuli, ko a ba dabbobi gubar ta biyo madara.

A nan ma tsiro ya nuna amfaninsa. A yankin Cidong na ƙasar Sin, inda dajin hanta ya yi yawa, an ba mutum 180 gwaji a kan wani sinadari da aka samo daga koren launin ganye, sau uku a rana har wata 4. Sakamakon da ya fito a 2001 ya nuna alamar ɓarnar afulatoksin a fitsarin masu shan sa ta ragu da kashi 55 cikin 100, domin sinadarin yana kama gubar tun a hanji. Amma ku ji na ƙasar Gini: a ƙauyuka 20, an koya wa manoman rabinsu su tsince gyaɗa da hannu, su shanya a kan tabarma maimakon ƙasa, su tabbata ta bushe, su zuba a buhun algarara, su ɗora a kan katako. Rahoton 2005 ya nuna gubar da ke jininsu ba ta kai rabin ta sauran ƙauyukan ba. Tabarma da katako sun yi abin da sinadarin ya yi.

ABIN DA ZA KA YI DAGA YAU

Ka je a gwada ka nau'in B da C, kai da iyalinka, musamman mai ciki da masu shirin aure. Wanda ba ya da B ya yi rigakafi.

Ka ci zogale, shuwaka, yakuwa, alayyahu, tafarnuwa da kurkum a cikin abinci, ka sha zoɓo da ɗan sukari kaɗan ko babu. Wannan shi ne rabonka na sinadaran da muka lissafa, a ma'aunin da jiki ya saba da shi.

Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, ta canja launi ko take ɗaci, a zubar. Asarar mudu ta fi asarar rai sauƙi.

Mai ƙiba da aka ce hantarsa ta yi kitse, rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa, da tafiyar ƙafa, da barin lemon kwalba, shi ne maganin da aka fi tabbatarwa.

Mai ciwon hanta kada ya sha kafso ko jiƙo sai ya nuna wa likitansa, kuma ya faɗi gaskiyar duk abin da yake sha. Lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ba shaidar cewa yana warkar da abin da aka rubuta ba ce.

Duk wanda ya fara shan wani magani ya ga idonsa ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, jiki na ƙaiƙayi, ga tashin zuciya da kasala, ya dakata da shi ya tafi asibiti a ranar, ya tafi da kwalbar a hannunsa.

'Yan uwa, wanda ya karanta ya isar wa wanda bai karanta ba, musamman iyayenmu mata da manoma da wanzamai. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya tsare mu daga cutar da kanmu ko cutar da wani. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.